Yadda Na Koyi Karanta Agogon Gudun Tsohon Jirgi DC-3 a Kwamfuta

Mako uku cur na shafe ina fama da jirgi guda a cikin kwamfutata, tsohon Douglas DC-3, ina tashi da shi daga filin jirgin Malam Aminu Kano ina dawo da shi a wahalce, wani lokacin ma ba ma dawowa. Abin da ya hana ni sakat wasu ƙananan haruffa uku ne a fuskar agogon gudu, waɗanda idona bai taɓa sauka a kansu ba. Na san yanzu akwai matasa da dama da ke koyon tuƙin jirgi a manhajar kwaikwayo, kuma duk wanda hannunsa ya faɗa da ƙananan jirage sai ransa ya biya ya taɓa tsofaffin manya. Shi ya sa zan zayyana yadda abin ya gudana daki-daki, don kada wani ya ɓata kwanakin da na ɓata.

Da ƙaramin jirgi na fara, kamar kowa, wato Cessna 172. Na sayi sandar tuƙi ta gwanjo a kasuwar 'yan waya a kan naira dubu goma sha takwas, na haɗa ta da laftof ɗina mai allon inci 14, na yi wata huɗu ina zagaya sararin Kano da Zariya. A wannan jirgin agogon gudu malami ne da kansa, ba ka buƙatar haddace komai. Akwai farin baka da ya taso daga 40 ya tsaya a 85, shi ne iyakar gudun da za ka iya tafiya da filaf a sauke gaba ɗaya, wato faifan nan na bayan fiffike da ake saukarwa lokacin sauka don jirgi ya iya tafiya a hankali ba tare da ya faɗo ba. Akwai koren baka daga 48 zuwa 129, nan ne tafiyar yau da kullum. Daga 129 zuwa 163 launin ruwan ɗorawa ne, ba a shiga sai iska ta kwanta luf. A kan 163 kuma jan layi, wanda ba a tsallakewa ko da wasa. Duk waɗannan lambobi da not ake ƙirga su, ma'aunin gudu na matuƙan jiragen sama da na ruwa, kuma tun da ban taɓa ganin agogon da ke ƙirga da wani abu dabam ba, sai na ɗauka haka kowane jirgi yake a duniya. Idona ya saba da launi har ya daina karanta rubutu.

Sha'awar DC-3 daga gida na same ta. Kakana yakan ba mu labarin jirgin da suke kira Dakota, mai farfela biyu da ke zaune a kan jela hancinsa na kallon sama, wanda suke zuwa kallo a filin jirgi suna samari. Kano dama tsohuwar masaukin jirage ce, tun watan Nuwamban 1925 jiragen sojan Ingila uku suka sauka a garin, kuma kamfanin jiragen saman Najeriya na farko ya yi aiki da irin wannan jirgi a farkon rayuwarsa. Shi DC-3 ya fara tashi ranar 17 ga Disamban 1935 a Amurka, yana ɗaukar fasinja 21, kuma an ƙera sama da dubu goma sha shida idan aka haɗa da na soja mai suna C-47 da waɗanda aka yi a Rasha da Japan. Wanda na samu wasu masu sha'awa ne suka ƙera shi kyauta suka sa a intanet, da ɗakin matuƙi irin na zamanin da, babu allon kwamfuta ko ɗaya a gaban matuƙi. Dare biyu na yi ina sauke shi da datar tsakar dare, domin a daren farko an ɗauke wuta ya katse yana dab da kammalawa. Babu littafin bayani a tare da shi, sai wata 'yar takarda mai nuna yadda ake tayar da inji.

Da na zauna a kujerar matuƙi na nemi agogon gudu, sai gabana ya ɗan faɗi. Baƙar fuska ce da fararen lambobi, babu farin baka, babu kore, babu komai na abin da na saba. Alama biyu kacal na gani: wani ɗan gajeren layi ruwan ɗorawa kaɗan bayan 110, da jan layi can sama kusa da 220. Tazarar lambobin ma ba ɗaya ba ce, wasu a cunkushe wasu a warwatse. Na koma bidiyon masu koyarwa, na ji wani matuƙi na gaske yana cewa a DC-3 lambar da ba a mantawa ita ce 84, a nan ake raba jirgi da ƙasa. Na rubuta 84 a bayan ambulan, na jera jirgin a kan titin tashi mai lamba 06, na tura totur gaba. Jela ta ɗaga, allura ta taso a hankali, tana taɓa 84 na jawo sanda. Jirgin ya tashi, amma tashin marar lafiya. Ya riƙa rangaji kamar kwale-kwalen da aka cika wa kaya, hanci a sama, ga ƙasa ta ƙi nisa. Ranar na sa yanayin zafin watan Afrilu a manhajar, abin ya ƙara muni, sai da na kusa shafar katangar filin. Na ce a raina wataƙila haka tsofaffin jirage suke, nauyi ne da su.

Layin ruwan ɗorawan nan shi ne ruɗani na biyu. A Cessna, duk inda wannan launi ya fara to ka shiga yankin taka-tsantsan. Saboda haka kwana biyu na yi ina rage wuta don kada allura ta wuce shi, ina jan jirgi mai injuna biyu masu ƙarfin doki 1,200 kowanne kamar mai jan akuya zuwa kasuwa. Hankalina bai kwanta da haka ba, domin babu yadda za a yi jirgin da ya yi jigilar fasinja tsakanin manyan birane ya zama yana tafiya da gudun ƙaramin jirgin koyo. Rana ta uku na bar shi ya sake. Na hau ƙafa 7,500, na daidaita shi, allura ta wuce layin ta je ta zauna a kan 150, babu abin da ya girgiza, babu abin da ya karye. Na yanke hukuncin cewa layin ado ne kawai, na daina kallonsa.

A wannan tafiyar ce kuma wani abu ya faru da ya ƙara ɗaure ni a kan kuskure, kuma ina so mai karatu ya lura da shi sosai domin tarko ne mai kyan gani. Wani tunani ya ɗarsu a raina cewa anya agogon nan da not yake ƙirga? Sai na buɗe taswirar manhajar, wadda ke nuna gudun jirgi a kan ƙasa da not. Ta nuna 150. Na dubi agogo, 150. Babu iska ranar, na kashe ta. Na ce shi ke nan, magana ta ƙare, lambobi biyu sun yi daidai, agogon da not yake aiki. Wannan dacewar da na ɗauka hujja ce ita ta ƙara mini kwana goma a cikin duhu.

Sauka kuwa ba a magana. Na ji an ce ba a sauke filaf gaba ɗaya sai gudu ya dawo 97, don haka nakan jira allura ta sauko 97 kafin in taɓa shi. Kafin lokacin jirgin ya riga ya yi laushi a hannuna, yana nitsewa, ina ƙara wuta ina ragewa. In na zo bakin titi da 75 kamar yadda na ji ana faɗa, sai ya saki jiki ya faɗo tim, ya yi tsalle, ya sake faɗowa, wani lokacin ya juya ya bar titin gaba ɗaya. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne daren da na gwada mutuwar inji. Na saita manhajar ta kashe injin hagu da zarar mun bar ƙasa. Na ja a 84 kamar kullum, injin ya mutu, na murɗa sanda dama iya ƙarfina don in riƙe jela, amma jirgin ya ƙi ji. Ya karkata hagu, fiffike ya yi ƙasa, cikin daƙiƙa kaɗan allo ya yi baƙi. Sau biyar na maimaita, sau biyar haka. Na rufe laftof na zauna shiru, ina tunanin mutanen da suka tuƙa wannan jirgi da rayukan jama'a a bayansu. Ba zai yiwu a ce haka suke mutuwa duk ranar da inji ya tsaya ba. Akwai abin da ban sani ba.

Daga nan na shiga neman takardu. Na samu tsofaffin littattafan jirgin guda biyu da aka ɗauki hotonsu aka sa a intanet, ɗaya na soja tun zamanin yaƙin duniya na biyu, ɗaya na wani kamfani da ya yi aiki da jirgin a baya-bayan nan. Karatunsu a waya azaba ne, rubutun ya dusashe. Na je shagon buga takardu na unguwarmu, na jira kusan awa guda kafin a tayar da janareta, na sa aka buga mini shafi goma sha huɗu na sashen iyakoki kawai, naira hamsin kowane shafi. Da na baje su a kan tabarma sai ruɗanin ya ninku. Littafin kamfani ya ce iyakar cikakken filaf 97, na soja ya ce 112. Ɗaya ya ce a tashi a 84, lambobin ɗayan duk sun fi haka. Na zaci jirage biyu ne mabambanta. Gaskiya kowane shafi ya rubuta ma'aunin da yake nufi a gefen lambar, amma ni lambobin kawai nake farauta, gajerun haruffan da ke biye da su ba na ko ganinsu.

Matambayi ba ya ɓata. A masallacin unguwarmu akwai wani dattijo da ya yi shekaru yana gyaran agogunan jirage kafin ya yi ritaya, kowa Baba yake ce masa. Na daɗe ina jin nauyin tunkararsa da abin da mutane ke ɗauka wasan yara ne. Ranar wata Asabar bayan la'asar na yi ta maza, na ɗauki laftof da takarduna na same shi a zaure. Bayan mun gaisa na ce, "Baba, wata 'yar tambaya na zo da ita a kan aikinku, in ba za ku damu ba." Ya saurari labarina har ƙarshe bai katse ni ba, sannan ya sa tabarau ya ce, "Buɗe mini jirgin in gani." Da ɗakin matuƙin ya bayyana sai ya yi murmushi, ya ce rabonsa da ganin irin wannan fuska an daɗe. Ya nuna agogon da ɗan yatsa ya ce, "Matso mini da wannan, ɗana. Ƙara. Ƙara dai." Na yi ta matsowa har agogon ya cika allo. A ƙasan inda allura ke juyawa, da rubutu siriri wanda daga nesa yake kama da ƙura, ga haruffa uku: MPH. Ya ce, "To karanta. Kai kana yi masa magana da not, shi yana amsa maka da mil."

Sai ya karɓi biro ya juya bayan takardata. Ya ce mil na ƙasa, wanda tsofaffin motoci ke ƙirgawa da shi, mita 1,609 ne, mil na teku kuwa mita 1,852, kuma not ɗaya shi ne mil na teku ɗaya a awa. Sunan ma daga ƙulli ya samo asali, domin matuƙan jiragen ruwa na da igiya mai ƙulle-ƙulle suke saki a ruwa su ƙirga ƙulli nawa ya wuce ta hannunsu a ɗan lokaci ƙayyadadde. Saboda haka not ɗaya ya kai mil 1.15 a awa. Yawancin jiragen Amurka na shekarun 1930 da 1940 da mil suke ƙirga, daga baya aka koma not, shi ya sa za ka samu DC-3 mai wannan ka samu mai wancan, gwargwadon wanda ya mallake shi da shekarar da aka sauya masa agogo. Ya ce in buga 84 sau 1.15. Na buga a waya, ya ba ni kusan 97. Ya ce to a agogonka a nan ya kamata ka tashi. Wato duk tsawon kwanakin nan ina fizgar jirgin daga ƙasa a mil 84, wanda bai wuce not 73 ba. Ya sa yatsa a kan wata lamba a littafin kamfanin, 77, ya ce wannan shi ne mafi ƙarancin gudun da jela za ta iya riƙe jirgin ya miƙe idan inji ɗaya ya mutu ɗayan yana cikakken ƙarfi. A ƙasa da haka, iskar da ke bi ta kan jela ba ta isa ta yi kokawa da injin da ke raye ba. Ni kuwa ina ƙasa da ita da not huɗu. Nan take na ga daren nan na faɗuwa biyar a idona, na gane jirgin bai yi mini ƙarya ba ko sau ɗaya.

Sannan muka zo kan 97, lambar da ta fi kowace cutar da ni, domin fuska biyu gare ta a wannan jirgi. Mil 97 shi ne gudun tashi. Not 97 kuma shi ne iyakar sauke cikakken filaf. Lamba ɗaya, ma'auni biyu, aiki biyu da ba su haɗa hanya ba. Baba ya ce in buga 97 sau 1.15, sai ga 112 ta fito, lambar littafin soja. Ashe littattafan biyu magana ɗaya suke yi da harshe biyu. Ban san lokacin da na ce, "Baba, layin ruwan ɗorawan nan!" ba. Muka koma allo, ga shi zaune daram a kan 112. Ashe iyakar filaf yake nunawa, ba shi da alaƙa da yankin taka-tsantsan na Cessna. Jan layin ma da muka lissafa not 190 na littafin kamfani, sai ya faɗo a kan mil 219, daidai inda aka shafa shi.

Na tambaye shi me ya sa ba a yi wa jirgin launuka kamar na ƙananan ba, tun da sun fi sauƙi. Ya ce launukan da na saba da su an tsara su ne don ƙananan jirage, manya kuwa gudun da fiffikensu ke sakin iska yana sauyawa sosai da nauyin kaya da na mai, ba a iya daskarar da shi da fenti a wuri guda. Daga baya na tabbatar da maganarsa a littafin ɗaliban tuƙi na hukumar jiragen saman Amurka: dokar launukan ta shafi jiragen da nauyinsu bai wuce fam 12,500 ba, waɗanda aka ƙera bayan 1945. DC-3 ya girmi dokar da shekara goma, kuma nauyinsa cike ya haura fam 25,000, ninki biyu ke nan. Ya ƙara da cewa a tsofaffin jirage soja da kamfanoni kowa na da irin alamar da yake sawa, wani lokaci ma a kan gilashin agogon ake shafa fentin ba a fuskarsa ba. Idan aka yi haka sai a ja wani ɗan farin layi da ya tsallaka daga gilashin zuwa bakin ƙarfen da ke riƙe da shi, don in gilashin ya juya a gane alamomin sun goce. Ya ce ya sha ganin sabon ma'aikaci ya tsaya yana neman ma'anar wannan farin layi a cikin littafin gudu. Sauran iyakokin kuwa, na tayoyi da na kowane matakin filaf, a ɗan allon ƙarfe ake rubuta su a manna a ɗakin matuƙi, ko kuma suna kan matuƙin.

Saura guda ta rage, na ce, "To Baba, taswirar fa? Na ga 150 a nan, na ga 150 a can." Ya yi dariya har da tafa hannu, ya ce wannan dacewa ce ta lissafi. Ya ce agogon ba ya sanin gudun jirgi, ƙarfin bugun iska kawai yake ji. Akwai bututu a ƙarƙashin hancin jirgin da bakinsa ke kallon gaba, ana kiransa da sunan Pitot, Bafaranshen da ya ƙirƙiro shi a 1732 don auna gudun ruwan kogi. Iskar da ta shiga bututun tana kumbura wani ɗan faifan ƙarfe mai laushi a cikin agogon, ana gwada ta da iskar da ke tsaye a gefe, bambancin shi ke juya allura. Ya ce ka fitar da tafin hannunka ta tagar mota, abin da kake ji shi agogon ke ji. To a sama iska ba ta da kauri, don haka bugunta ya fi rauni, allura sai ta nuna ƙasa da ainihin gudun, da kimanin kashi biyu cikin ɗari a kowace ƙafa dubu. A ƙafa 7,500 ragin ya kai kashi 15 ke nan. Mil 150 na agogona not 130 ne, ka ƙara masa kashi 15 na tsawo, ya koma not 150 a taswira. Kuskure biyu masu girma ɗaya suka haɗu suka rufe wa juna asiri. Da a ƙafa 3,000 na yi gwajin, ko a 12,000, da tun ranar na gano. Aka kira magariba muka tashi, ya ƙi karɓar ko goro, ya ce in dawo in gaya masa yadda ta kaya.

A daren ban tashi jirgi don yawo ba, aiki na yi. Na yanki kwali na ja layi biyu, not a hagu mil a dama, na rubuta 77 da 89, 84 da 97, sai 135 da 155 na matakin farko na filaf, 97 da 112 na cikakke, 190 da 219. Na ja layi mai kauri a ƙarƙashin na dama domin su agogona ke ji, na manna kwalin a gefen allo da salatif. Sannan na hau ƙafa 6,000 na yi gwajin da ya kamata in fara da shi tun ranar farko: na rage wuta na riƙe hanci, na zuba wa allura ido har jirgin ya fara rawa ya saki hanci. Babu filaf, abin ya faru ne a wajejen mil 78. Da cikakken filaf da tayoyi a waje, wajejen 67. Nan na gane cewa 75 ɗin da nake zuwa da ita bakin titi ta bar mini tazarar da ba ta taka kara ta karya ba, ɗan jan sanda kaɗan ya isa ya cinye ta. Na sake gwada mutuwar inji, wannan karon na bar jirgin a ƙasa har 97. Injin hagu ya mutu, jirgin ya fizga, na murɗa jela, ya tsaya. Yana hawa da ƙyar, amma yana hawa. Na daɗe ban ji daɗi irin na wannan daren ba.

Ga wanda zai hau tsohon jirgi a manhaja, abin da zan ce ya fara yi tun kafin ya taɓa inji shi ne ya matso da fuskar agogon har ta cika allo ya karanta duk rubutun da ke kai. Zai ga MPH, ko KNOTS, a jiragen Rasha da Jamus kuma yakan zama kilomita a awa, wasu agogunan ma layi biyu ne da su, ɗaya a waje ɗaya a ciki. Ƙaramin allo yana ɓoye wannan rubutu, kuma lambar da manhaja ke nunawa idan kana kallon jirgi daga waje sau da yawa da not take, ko da agogon ciki da mil yake. Duk lambar da ka ji a bakin mai koyarwa, kada ka rubuta ta tsirara, ka rubuta ta da ma'auninta da kuma irin jirgin da yake magana a kai, domin DC-3 iri-iri ne, injunansu da nauyinsu sun bambanta, littattafansu ma ba su zo ɗaya a kowace lamba ba. Alamar da ba ka gane ba kuma kada ka ba ta ma'anar da ka sani a wani jirgi, kada ka ce ado ce. Ka ɗauki lambar da take kai ka neme ta a sashen iyakoki, in ba ka same ta ba ka raba ta da 1.15 ka sake nema. Ni da na yi haka da 112 tun farko, da minti biyar ya ishe ni. Gudun taswira kuwa amfaninsa lissafin lokacin isa da na mai, fiffike bai san da shi ba.

Jarrabawar da na ba kaina ita ce tafiya Jos, domin filin jirginta yana kan tudu sama da ƙafa 4,000, Kano kuwa ba ta kai 1,600 ba. Kusan awa guda na yi a hanya, duwatsun Filato suka taso a gabana. Na rage wuta da wuri, a 155 na ba shi matakin farko na filaf, na sauke tayoyi, na jira allura ta sauko ƙasa da layin ruwan ɗorawa kafin in ba shi sauran. A gangaren ƙarshe ƙasa ta riƙa gudu a ƙarƙashina fiye da yadda na saba gani a Kano, saboda rashin kaurin iskar tudu, hannuna har ya kai kan totur zai rage. Na tuna tafin hannun Baba a tagar mota, na dubi allura, tana nan a kan mil 95 inda nake so, na bar totur yadda yake. Na tsallaka bakin titi ina rage wuta a hankali, tayoyin gaba biyu suka taɓa ƙasa da 'yar ƙara, na ɗan tura sanda gaba na riƙe su, jela ta sauko da kanta. Washegari bayan sallar asuba na tare Baba a ƙofar masallaci na gaya masa. Ya ce madalla, sannan ya tambaye ni ko na san abin da allurar nan za ta yi idan ƙanƙara ta toshe bakin bututun ina cikin hawa. Na ce ban sani ba. Ya ce in zo da laftof ɗin ranar Asabar.